Pad ɗin Tanko Mahauci

Ku samarin da kuke cika mini benci kuna jiran in gama muku aiki, ina jin abin da kuke faɗa ƙasa-ƙasa. Kun ga bidiyo a waya, wani ya kwance pad, ya canza roba, ya ɗaure, kafin shayi ya huce ya gama. Daga nan kuka yanke cewa Baba Awudu hutawa kawai yake yi a bakin titin Maamobi da sukundireba a hannu. To ku gyara zama in ba ku labari. Wannan abin da kuke riƙewa da hannu biyu kuna buga ƙwallo a talabijin, gyaran cikinsa shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne ya zauna daidai a hannun mai shi.

Ni ba da pad na fara ba. Ina ɗan saurayi mahaifina ya kai ni wurin Masta Abdulai, mutumin Tamale, mai gyaran rediyo da kaset a kasuwar Nima, kusa da babbar gota, wato magudanar ruwa. Na daɗe ban taɓa komai a shagon ba sai tsintsiya da kwanon koko. Daga baya aka ƙara mini girma na zama mai hura gawayi, don Masta bai yarda da wutar lantarki ba. Kullum akwai ƙarfen liƙi ɗaya a bakin kurfoti yana jiran lokacin da za a ɗauke wuta. In mutum ya kawo rediyo, Masta ba ya buɗewa sai ya ishe shi da tambaya: ina kake ajiye shi, wa yake murɗa shi, yara suna taɓawa? Wata rana na tambaye shi amfanin wannan dogon bincike. Ya ce, "Awudu, rediyo ba ya lalata kansa. Mutum ne ya yi masa. Ka san mutumin tukuna."

Pad na farko da na taɓa, wani mai shagon gem ne daga Alajo ya kawo su cikin buhu. Na wancan zamani ba irin naku ba ne. Shafaffe ne mai kusurwa huɗu, kamar sabulun wanki. Mutumin ya ce yara ba sa daɗewa a shagonsa, suna kukan tafin hannu yana ciwo, babban yatsa yana yin ruwa. Masta ya sa mita ya gwada su duka, ya ce lafiyarsu ƙalau, a kwashe masa su daga tebur. Ni kuwa na bi mutumin har Alajo ranar hutuna, na zauna na yi ta bugawa da kaina. Da na tashi, sai ga jan tabo a tafina daidai inda kusurwar take cizo. Na dawo da guda ɗaya, na ɗauki magagarin Masta na goge kusurwoyin har suka yi laushi, na bi bakin maɓallan da samfefa. Mai shagon ya gwada, ya dawo da buhun gaba ɗaya. Masta ya juya wanda na yi a hannunsa ya ce wannan ba gyara ba ne, sassaƙa ce. Amma ya matsar da rediyoyinsa ya bar mini gefen tebur.

Masu ƙera pad a ƙasashen waje su ma sun yi hankali daga baya. Suka fito masa da ƙaho biyu da suke kwanciya a tafin hannu. Suka dasa masa 'yan turaku biyu masu juyawa, waɗanda kuke kira analok, don babban yatsa ya riƙa turawa maimakon dannawa. Suka sa masa kunama a goshi, irin ta bindiga, don manuniya ma ta samu aiki. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai duk wanda suka auna hannunsa kafin su ƙera, ba ɗan Zongo ba ne, kuma ba a zafin Accra yake zaune ba. A nan mutum yana fara wasa gumi ya fara zuba, roba ta yi santsi, sai ya ƙara damƙa don kada ta kuɓuce. Wannan damƙar ce take kawo ciwon wuyan hannu da kuke ɗora wa gem laifi. Na gwada naɗe ƙahon da robar tayar keke, abin ya ƙara muni. Sai wani baduku a Nima mai ɗinka takalma ya ba ni ragowar fatar akuya. Fata tana shan gumi, kuma tana ɗaukar siffar hannun mai ita. Har yau a wurin 'ya'yansa nake sayenta.

Kayan aikina ga su a gabanku, ba su da yawa. Sukundireba ƙanana, hantsaki, ƙarfen liƙi da dalma, mita, magagari, samfefa, aska, da tsohon buroshin haƙori. Buroshin nan ya fi duk sauran aiki. Ku da kuke cin kelewele, soyayyar ayabar nan mai yaji, da hannu ɗaya kuna bugawa da ɗayan, ku sani duk abin da kuka ci yana cikin pad. Na sha buɗewa in tarar da mai, da shito, miyar barkonon nan, da soɓolo, wato zoɓo, da ya bushe ya kira tururuwa. Akwai lokacin da in na sansana pad sai in faɗa maka shagon da ya fito da abincin da ake sayarwa a ƙofarsa.

Wani birkila ya taɓa kawo mini pad ya ce na jabu aka sayar masa, don duk wanda ya saya maɓallansa nutsewa suke yi. Na ce ya danna mini in gani. Ya danna kamar zai tura bulo cikin siminti. Fatar yatsunsa ta yi kauri har ba ya jin lokacin da maɓalli ya kai ƙasa. Na sa masa roba mai tauri da ɗan ƙarfe siriri a ƙarƙashi, yadda in ya danna zai ji ƙaras a kunne tunda yatsa ba ya ji. Wata budurwa kuma, Rukaya, mai gyaran gashi a bayan masallacinmu, ta zo ta ce farcenta yana karo da gefen pad. Na ce ta yanke farcen. Ta ce, "Baba, farcen nan shi ne tallan shagona. Pad ɗin za ka yanke." Haka na ɗaga mata maɓallan sama, ta riƙa dannawa da cikin yatsa, kuma na ji labarin ta addabi samarin layinsu a gem ɗin tseren mota.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce ta dumso, wato ɗauke-ɗauken lantarki, lokacin da wuta take zuwa kamar baƙuwa ta gaisa ta tafi. Shagunan gem suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka sayi janareta, janaretan ya ƙona musu na'ura. Yara suka koma buga gem a waya. Sai in buɗe shago da safe in share, in zauna ina kallon trotro, motocin haya, suna wucewa har magariba. Na koma gyaran fitilar caji da 'yan fankoki don gida ya ci abinci, na ciro tsohon kurfoti na koma dafa ƙarfen liƙi a gawayi irin na Masta. A cikin wannan shekarar ce aikin da na fi tunawa a rayuwata ya zo.

Iliyasu Tela da Tanko Mahauci sa'o'ina ne, kuma abokai ne tun suna samari. Duk Lahadi bayan la'asar sukan zauna a shagon Iliyasu su buga ƙwallo a talabijin. Sun yi aure, sun aurar, gemu ya fara fari, ba su daina ba. Mutanen layi har benci suke kawowa, ba don wasan kaɗai ba, don zagin da suke yi wa juna. Iliyasu siriri ne mai 'yan yatsu kamar allurarsa. Tanko kuwa in ya riƙe pad sai ka ga kamar ya ɓace a hannunsa.

Wata asuba Tanko yana sarar ƙashi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, adda tana sama aka ɗauke wuta. Ta sauka a babban yatsansa na hagu, ta tafi da gaɓar sama. Allah ya sa ciwon ya warke, ya koma bakin tebur ɗinsa. Amma ranar da ya koma shagon Iliyasu ya ɗauki pad, guntun yatsan bai kai turken hagu ba, kuma da shi ake tafiyar da ɗan wasa. Ɗan wasansa ya ɗauki ƙwallo ya miƙe da ita ya fice daga fili ba mai korarsa. Wasu yara suka yi dariya. Tanko ya ajiye pad a hankali, ya sa takalmansa ya tafi. Daga ranar bai ƙara bi ta layin ba, har masallacin la'asar ya canza.

Iliyasu ya same ni ina hura gawayi. Ya zauna bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Awudu, mutumina ya daina zuwa."

Na ce, "Ka je ka same shi mana."

Ya ce, "Na je. Ya yanka mini hanta ya ƙulle, ya ce gem aikin yara ne, shi ya girma."

"To me kake so in yi?"

"Ka ƙara wa turken tsawo. Tunda yatsa ya gajarta, abin ya tsawaita su haɗu a hanya. Amma kada ya sani."

Maganar ta yi kama da hankali. Na yanko murfin biro na liƙa a kan turken, na naɗe shi da kyau. Iliyasu ya aika wa Tanko cewa ya zo a sake auna masa kaftanin Sallah. Da ya zo, muka yi ta lallaɓa shi har ya karɓi pad ɗin. Yana turawa guntun ya zame, kan tabon ya daki gefen biron. Na ga fuskarsa ta canza saboda zafi. Ya dube ni, ya dubi Iliyasu, ya ce, "Ashe baki kuka haɗa." Ya tafi ba a auna kaftanin ba. Iliyasu ya zauna yana murza tef ɗin awonsa. Na ce masa aikin ba zai yiwu haka ba, ba a yi wa hannun da ba a gani ba.

Washegari da hantsi na rufe shago na tafi wurin mahauta. Tanko yana hango ni ya ce, "In tela ne ya aiko ka, ka koma."

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni. Ba wuta, ba aiki, kallo na zo."

Ya ƙyale ni na zauna a kan wani bokiti. Na yi ta kallon hannun hagun nan yana aiki. Na lura ba ya taɓa nama da kan guntun, ɗaga shi yake yi don har yanzu yana da zafi. Da gefensa yake dannawa, wajen da ya riga ya yi kanta, kuma ƙarfin daga gindin yatsan yake fitowa, wurin tsokar nan mai kauri. Sannan ƙugiyar da yake jan nama da ita, ya naɗe mariƙinta da tsumma har ya yi kauri. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Don ta cika mini hannu. In siririya ce zamewa take yi yanzu."

Na ce, "Abin da ka yi wa ƙugiyar nan shi nake so in yi wa pad."

Ya sallami wata mata mai sayen ƙashin miya, ya goge tebur, ya wasa wuƙa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Da wa yake bugawa yanzu?"

Na ce, "Ba kowa. Ya lulluɓe talabijin ɗin da ragowar yadi."

Ya ci gaba da wasa wuƙar har na zaci maganar ta mutu. Sai ya ce, "Gobe ka zo da abin naka. Amma ba a gaban mutane ba."

Na je da pad da kullun dokunu, tuwon masarar nan, da na karɓo wurin wata Mma mai sayarwa a layinmu, na ƙulle shi a leda. Muka shiga bayan rumfa. Na ɗora kullun a kan ƙahon hagu, na ce ya riƙe yadda hannunsa yake so, ba yadda pad yake so ba. Ya riƙe a hankali kamar mai tsoro. Na ce, "Ba haka ba. Ka ɗauka Iliyasu ya jefa maka ƙwallo a raga yana rawa a gabanka." Ya matse har kullun ya fito ta tsakanin yatsunsa. Da ya buɗe hannu, ga siffar tafinsa nan fes, ga inda guntun yake son kwanciya. Na ga cewa ba turken ne ya kamata ya zo wurin yatsa ba, hannun gaba ɗaya ne ya kamata ya hau sama.

Na samo guntun katako wurin wani kafinta, irin mai laushin nan da ake kira wawa a ƙasar nan. Na sassaƙa shi bisa siffar kullun, na ɗaura a ƙahon hagu ya yi kauri, yadda tafin Tanko zai tokare da shi ya matso kusa da turken. Kan turken kuma na cire shi, na ƙera wani mai rami a tsakiya da gefuna biyu a ɗage, kamar ɗan sirdi, na shimfiɗa masa fatar akuya mafi laushi da nake da ita. Guntun ya kwanta a ciki ya riƙa turawa da gefe, kan tabon ba ya taɓa komai. Sifirin ɗin cikin turken na canza shi da na wani tsohon pad da ya riga ya saki, don kada ya buƙaci ƙarfi. Duk liƙin da ƙarfen gawayi na yi shi.

Da na kai masa ya tambayi wane itace ne. Na faɗa masa sunansa. Ya ce, "Awudu, duk itacen da ke Ghana, da wawa ka ga ya dace ka haɗa ni?" Ranar ce na fara jin dariyarsa tun bayan ciwon. Amma aikin bai zauna nan take ba. Ya ce nan yana gurzarsa, na rage. Ya ce yanzu ɗan ƙaramin yatsansa ba shi da wurin zama, na fafe masa gurbi. Fatar farko ta yi kauri, na sake wata. Na yi ta kai-komo tsakanin Maamobi da rumfar mahauta har masu trotro suka fara tambayata ko na koma fawa. Na ba shi aron tsohuwar na'urar gem ya riƙa gwadawa a gida duk lokacin da wuta ta leƙo.

Wata Lahadi bayan la'asar sai ga Tanko ya shigo layin Iliyasu, pad ɗinsa a cikin leda kamar tsire. Iliyasu ya miƙe, ya je ya tayar da ɗan janaretan da yake yi wa keken ɗinkinsa aiki. Ya yaye yadin daga kan talabijin. Kafin su zauna mutane sun fara fitowa da benci. Tanko ya ɗaga guntun yatsansa a gaban fuskar Iliyasu ya ce, "Ka ji ni da kyau. In na ga ka sassauta mini ko sau ɗaya, ba zan ƙara taka shagon nan ba."

Iliyasu ya ce, "Ni in sassauta maka? Ko hannu ɗaya ya rage maka sai na ci ka."

Kuma ya ci shi. Amma da ƙyar, kuma ɗan wasan Tanko bai fita daga fili ba sai in shi ya so. Ana tashi Tanko ya ce alƙalin wasan ɗan uwan tela ne, ya ce an ba shi kulob ɗin guragu, ya ce janaretan ma yana rage ƙarfi duk lokacin da ƙwallo ta zo ƙafarsa. Iliyasu yana ta dariya yana share ido da hannun riga. Suka sake, suka sake, har aka kira magariba.

Labarin pad mai katako ya bazu. Wani mai fasa ƙarfe daga Old Fadama ya zo da yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa. Wani malamin makaranta ya kawo 'yarsa da aka haifa da hannu ɗaya gajere. Wani tsohon direba da hannunsa yake rawa shi ma ya zo. Kowanne da kullunsa na dokunu, kowanne da sassaƙarsa daban. Ba su da yawa, amma su suka riƙe ƙofar shagon nan a buɗe har wuta ta daidaita.

Bayan an kwana biyu sai ga Iliyasu da safe, fuska a murtuke. Ya ajiye nasa pad ɗin a kan teburina ya ce, "Ka yi mini irin na Tanko."

Na ce, "Me ya samu naka?"

Ya ce, "Ba abin da ya same shi. Mutumin nan tun da ya saba da abin da ka yi masa ban ƙara cinsa ba. Har matata ta fara tambayata ko lafiya. Wannan sirdin magudi ne, Awudu. Ka sa mini ni ma."

Na ce ya miƙo hannunsa. Na juya shi, na lanƙwasa yatsun ɗaya-ɗaya, na auna babban da turken. Komai daidai, kamar da hannunsa aka auna pad ɗin a masana'anta. Na ce, "Iliyasu, sirdin nan na guntun yatsa ne, naka ya yi masa tsawo. In kana so ya shige ka, ka bi ta wurin Tanko tukuna ya rage maka. Addarsa tana da kaifi, kuma na san ba zai ƙi ba."

Ya dubi babban yatsansa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cusa hannun a aljihun kaftani, ya ce, "Goge mini shi kawai da buroshi."